Babi na Shida: Farfaɗo da Tsohon Injin Jet a Gareji

A shekarar 1993 rundunar sojin saman Birtaniya ta yi ritaya da jirgin Jet Provost, wanda ta shafe fiye da shekara talatin tana koya wa matuƙanta tuƙi da shi. Wasu jiragen sun tafi gidajen adana kayan tarihi, wasu masu hali suka saya suka ci gaba da shawagi da su, sauran kuwa gwanjo da 'yan gwangwan suka raba. Injinansu ma, masu suna Viper, haka suka watsu. Shi ya sa har yau a Ingila za ka iya shiga garejin wani tsohon injiniya, ko rumbun wani manomi, ka tarar da injin Viper a kan keken ƙarfe, an toshe bakinsa da faifan katako, mai shi yana jiran Asabar ta yi ya koma kansa.

Ba jirgi waɗannan mutane suke son haɗawa ba. Burinsu injin ya sake tashi a ƙasa, ɗaure da ƙarfe, ya yi ruri na 'yan mintuna a gaban jama'a ranar baje kolin tsofaffin injuna, sannan a kashe shi lafiya. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka cewa gwanintar tana wajen kwancewa da ɗaurewa. Waɗanda suka daɗe a ciki sun san ba haka ba ne. Mafi yawan aikin dubawa ne da karatu da jira, kuma babban bakanike a wannan fage shi ne wanda ya san notin da bai kamata ya taɓa ba.

Abin da ke cikin bututun

Injin tabojet ya fi injin mota sauƙin fahimta. Injin mota yana tsotsar iska, ya matse ta, ya ƙona mai a cikinta, ya fitar da hayaƙi, amma duk a cikin silinda ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Tabojet yana yin waɗannan ayyuka huɗu a lokaci guda, kowanne a wurinsa, ba tsayawa. A gaba akwai kwamfaresa, wato jerin farfeloli masu ƙananan fukafukai da ke jan iska suna matse ta. A tsakiya akwai ɗakin wuta, inda ake zuba kananzir ya ci. A baya akwai farfelar wuta, wadda iska mai zafi ke bugawa tana juyawa. Sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa farfelar wuta da kwamfaresa, saboda haka ta baya ita ke juya ta gaba. Abin da ya rage na ƙarfin iskar bayan ta gama wannan hidima shi ke fita ta bututun baya da gudu, ya tura injin gaba.

Wutar da ke tsakiyar ɗakin tana kaiwa kusan digiri 2,000 a ma'aunin Selsiyas, zafin da ya wuce abin da ƙarfen injin zai iya ɗauka. Abin da ke hana shi narkewa iska ce. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na iskar da aka tsotsa yake shiga ƙuna, saura tana bi ta ƙananan huji a jikin ɗakin wuta tana sanyaya bango, tana kuma sirka zafin kafin ya isa farfelar baya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin babban haɗarin da za mu gani a gaba daga nan ya samo asali: idan mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, injin zai cinye kansa.

Viper, injin da aka yi don ya mutu

Kamfanin Armstrong Siddeley na birnin Kobentiri ne ya ƙera Viper, aka fara tayar da shi a 1951. An yi shi ne don Jindivik, wani jirgi marar matuƙi na ƙasar Ostareliya da sojoji ke harbi don gwajin makamai. Tunda jirgin harbo shi za a yi, ba a nemi injin ya yi tsawon rai ba. Awa goma ko makamancin haka aka ƙiyasta masa. Injiniyoyin suka rage duk abin da za a iya ragewa. Sai ga shi sauƙin nan ya zama alheri. Da aka sauya masa ƙarafa masu inganci, Viper ya zama ɗaya daga cikin injinan jet mafiya daɗewa a aiki. Kamfanin ya narke cikin Bristol Siddeley a 1959, shi kuma ya shiga hannun Rolls-Royce a 1966, injin yana nan ana ƙera shi. Ya tuƙa Jet Provost, ya tuƙa jiragen horo na Italiya MB-326 da MB-339, ya tuƙa samfuran farko na jirgin 'yan kasuwa HS 125. Sojin saman Najeriya ma sun san shi, domin sun sayi MB-339 a shekarun 1980.

Samfurin Viper 202 da ke cikin Jet Provost na baya-baya nauyinsa kusan kilo 250 ne, yana da layi bakwai na farfelolin kwamfaresa da farfelar wuta guda ɗaya. Idan an taka shi iyaka, sandarsa tana juyi 13,800 a minti ɗaya, yana kuma turi da ƙarfin da ya haura kilo 1,100. Girmansa daidai gareji, ƙirarsa ba ta da sarƙaƙiya, kuma an yi shi da yawa har kayan gyaransa ba su ɓace ba. Shi ya sa masu wannan sha'awa suke rububinsa.

Akwai wata alama ta asalinsa da bai taɓa rabuwa da ita ba. Boris uku ne ke riƙe da sandarsa. Na gaba yana samun man juye da ke zagayawa ya koma tanki, kamar kowane inji. Na tsakiya da na baya kuwa ɗan famfo ne ke ɗiga musu mai a ƙididdige, man ya gama aikinsa ya fice ta bututun baya, ba dawowa, kusan yadda ƙaramin janareta ke ƙone baƙin man da aka haɗa masa da fetur. Wanda bai san haka ba zai ga tanki yana raguwa ya shiga neman inda yake yoyo. Wanda ya sani kuwa, ranar da ya ga man bai ragu ba, ranar hankalinsa zai tashi, don ma'anarta boris biyu suna juyi a bushe.

Takarda kafin sifana

Kowane injin jirgi yana da katin tarihinsa. A ciki ake rubuta awa nawa ya yi, sau nawa aka tayar da shi, wane sashe aka sauya, da dalilin da ya sa aka sauke shi daga jirgi. Mai saye da ya san abin da yake yi, katin yake fara nema kafin ya dubi ƙarfen. Injin da aka sauke don awanninsa sun cika yakan kasance lafiya lau, dokar sufurin sama ce kawai ta hana shi tashi. Wanda aka sauke saboda ya haɗiye tsuntsu, ko zafi ya wuce masa ƙa'ida, ko an ga ɓarɓashin ƙarfe a matatar mansa, wannan wani labari ne dabam. Daga waje dukansu iri ɗaya ne. Akwai kuma waɗanda sojoji suka lalata da gangan kafin gwanjo, suka huda jikinsu da wutar walda don kada su koma sama.

Bayan kati sai littafin gyara. A nan ne aka rubuta ƙarfin da za a ɗaure kowane noti, da ratar da ke tsakanin bakin fiffike da bangon inji, da irin man da ya dace, da iyakar zafin da aka yarda injin ya kai lokacin tashi. Ba a cankar waɗannan lambobi. Man juye na injin jet ma ba irin na mota ba ne, haɗaɗɗe ne na musamman da ke jure zafi, kuma zuba wanda bai dace ba yana iya cinye robobin da ke ciki.

Tarihi ya san mutum ɗaya da ya yi aikin ba littafi ya kuma tsira. Art Arfons na garin Akron a jihar Ohayo ta Amurka ya sayi injin J79 na kamfanin General Electric, irin na jirgin yaƙi F-104, a hannun mai sayar da gwangwan a kan dala 600. Injin ya haɗiye wani abu da ya lalata masa fukafukai. Littafin gyaransa sirrin soja ne a lokacin, kamfanin ya ƙi ba shi. Arfons ya kwance injin da kansa, ya cire fukafukan da suka lalace, ya daidaita nauyin sauran, ya ɗora shi a kan motarsa Green Monster. A watan Nuwamba na 1965, a filin gishiri na Bonabil da ke jihar Yuta, motar ta yi gudun kilomita 927 a awa ɗaya, wanda ya zama bajintar duniya ta gudu a ƙasa, kafin Craig Breedlove ya karɓe ta bayan kwana takwas. Masu gyaran tsofaffin injuna suna son wannan labari, amma masu hankalin cikinsu ba sa koyi da shi. Arfons ya shafe shekaru yana wasa da injinan jirage kafin ya taɓa J79, kuma ya san cewa ransa ya sa a faifai.

Barci ya fi aiki ɓarna

Injin da ya yi shekara talatin a ajiye, laima ce babbar abokiyar gabarsa. Gidan kwamfaresa da akwatin giya na injinan wancan zamani sau da yawa da alminiyam ko maganiziyam aka yi su don sauƙin nauyi. Maganiziyam kuwa da ya haɗu da danshi sai ya fara zama farin gari. Boris da ya zauna wuri ɗaya shekara da shekaru yakan yi tsatsa daidai inda ƙwallayensa suka tsaya. Robobi su bushe su tsage. Kananzir da aka bari a famfon mai ya zama ƙaro, ya riƙe ƙananan bawul-bawul ɗin da ke auna mai. Idan an yi dace, waɗanda suka ajiye injin sun bi ƙa'ida: sun zuba man kariya a hanyoyin mai, sun toshe duk wata kafa, sun sa shi a jaka ko akwati tare da ƙullin sinadarin da ke shanye laima. Irin wannan injin yakan fito kamar jiya aka ajiye shi.

Gwajin farko da hannu ake yi. A sa yatsa a tura farfelar gaba, a kasa kunne. Lafiyayyen inji zai juya sumul, ya daɗe kafin ya tsaya. A injuna da yawa za a ji ɗan ƙaras-ƙaras na fukafukai, wannan ba aibu ba ne, da gangan aka bar su da ɗan sako-sako a gindinsu don su zauna daidai idan juyi ya yi ƙarfi. Abin tsoro shi ne ƙarar gurza, ko sanda ta cije a wani wuri.

Daga nan sai a zura 'yar kyamara mai dogon wuya ta ramin fulogi a leƙa ɗakin wuta da fukafukan farfelar baya, ana neman tsaga, ko ƙuna, ko bakin fiffike da ya narke. Sassan da aka iya cirewa akan shafa musu wani jan ruwa mai shiga tsaga, a goge, a fesa farin hoda. Duk inda tsaga take, komai ƙanƙantarta, jan zai fito. A wanke matatun mai a duba ko akwai ƙyallin ƙarfe. A sauya tiyo da robobi duka, ko da sun yi kyan gani.

Sai babbar shawara: a raba injin gida-gida, ko a bar cikinsa yadda yake? Sha'awa tana cewa a buɗe. Amma sandar da farfelolinta an daidaita nauyinsu ne a masana'anta da na'ura ta musamman. A juyi 13,800 a minti, kowane fiffike na farfelar wuta yana jan gindinsa da ƙarfin da ya ninka nauyinsa fiye da sau 30,000. Bambancin 'yan giram a gefe ɗaya ya isa ya sa injin karkarwar da za ta kashe boris. Kuskuren mayar da fiffike ɗaya a ramin ɗan'uwansa ya isa ya ɓata wannan daidaito. Saboda haka idan kyamara ba ta nuna matsala ba, sanda kuma tana juyi lafiya, gogaggu sukan bar zuciyar injin a rufe, su mai da hankali kan famfon mai, da wayoyi, da fulogi, da na'urorin awo.

Akwai kuma abin da ke cutar da mai gyaran tun injin bai tashi ba. Wasu tsofaffin gasket da mayafan zafi suna ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Wasu notuna an shafe su da kadmiyam mai guba. Akwatin da ke ba fulogi wuta yana tara lantarkin da zai iya kashe mutum, kuma yana riƙe shi bayan an cire batir, shi ya sa ake jira kafin a taɓa shi.

Daƙiƙa talatin na farko

Kafin ranar tashi sai an gina wa injin mazauni. Abin da ke turi da ƙarfin tan guda ba a ɗora shi a kan tebur. Ana walda masa gado na ƙarfe mai kauri, a kafe shi a ƙasa ko a ɗaure tirelarsa da sarƙa. A gefe a haɗa allon sarrafawa: gejin juyi, gejin zafin bututun baya, gejin ƙarfin man juye, totur, da bawul ɗin da ke yanke mai nan take. A tanadi batura masu ƙarfi, don kik ɗin injin yana jan ɗaruruwan amfiya. A tanadi kananzir mai yawa, domin Viper idan an taka shi iyaka yana shan fiye da lita 1,000 a awa ɗaya.

Sai share fili. Bakin injin jet yana tsotsar duk abin da ke gabansa: tsakuwa, tsumma, hula, noti. Ko ƙwararru ba su tsira daga wannan ba. A watan Mayu na 2012, jirgin Vulcan XH558, wanda aka kashe miliyoyin fam wajen farfaɗo da shi, ya yi asarar injinan Olympus guda biyu a filin jirgin Donkasta yana shirin tashi, saboda ƙullin sinadarin shanye laima da aka manta a hanyar iskarsa. Abin da aka sa don ya kare injin shi ya kashe shi. Don haka ake ƙirga kayan aiki kafin a fara da bayan an gama, kuma ba a barin kowa ya tsaya a gaba, ko a baya, ko a gefe daidai saitin farfelar wuta, inda ɓaraguzai za su bi idan ta fashe.

Ana fara juya injin da kik kawai, ba mai ba wuta, a ga ko man juye yana hawa, a ƙirga daƙiƙun da sanda ke ɗauka kafin ta tsaya. A gwada fulogi dabam, a ji ƙarar tas-tas ɗinsa. Sai an gamsu da waɗannan ake haɗa su.

Kik ya ɗauki sanda, ƙara ta fara hawa. Fulogi na tartsatsi. Idan juyi ya kai inda littafi ya ce, a buɗe mai. Sai a ji wani gum daga ciki, allurar gejin zafi ta zabura. Wannan ne lokaci mafi haɗari a rayuwar injin, domin wuta ta kama amma kwamfaresa bai kai ga tura iskar da za ta sanyaya ta ba. Dole kik ya ci gaba da taimako har injin ya kai gudun da zai riƙe kansa. Idan batir ya yi sanyi a tsakiyar hanya, juyi zai tsaya cak, zafi kuwa ya ci gaba da hawa, cikin daƙiƙu kaɗan fukafukan da suka tsira shekara hamsin su ƙone. Mai sarrafawa ba ya kallon injin, ba ya kallon 'yan kallo. Idonsa na kan geji, hannunsa na kan bawul ɗin yanke mai. Da allura ta doshi jan layi sai ya rufe, ko da saura ƙiris injin ya zauna. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Idan kuma wuta ba ta kama ba, ba a sake gwadawa nan take. Kananzir ɗin da aka zuba yana kwance a cikin inji, sai an bar shi ya tsiyaye, an kuma juya injin a bushe iska ta kore saura. Wannan darasi ya girmi kowa a fagen. Ranar 12 ga Afrilu 1937, da Frank Whittle ya fara tayar da injin jet ɗinsa a masana'antar British Thomson-Houston da ke garin Ragbi, injin ya yi ta ƙara gudu duk da an rufe mai, ma'aikata suka ranta a na kare. Daga baya aka gano man da ya taru a ciki tun lokacin gwajin famfo ne yake ci.

In komai ya tafi daidai, allurar zafi za ta kai ƙololuwa ta dawo, juyi ya zauna, kik ya saki. A bar injin ya yi 'yan mintuna a ƙaramin gudu ana duba yoyo da karkarwa, sannan a kashe, a sake ƙirga daƙiƙun tsayawarsa a rubuta. Idan wata rana lissafin ya ragu, boris ne ke ba da sanarwa tun kafin ya mutu. Mai injin ya buɗe sabon shafi a katin tarihi ya ci gaba daga inda sojoji suka tsaya.

Abin da ke ƙarewa kafin ƙarfe

Vulcan XH558 ya koma sama a watan Oktoba na 2007, ya yi tashinsa na ƙarshe a Oktoba na 2015. Ba karyewa ya yi ba. Kamfanoni uku da ke tsaya masa ta fuskar fasaha ne suka janye, kuma cikin dalilansu akwai cewa mutanen da suka san jirgin da injinansa ciki da waje suna ƙarewa. Wannan ita ce matsalar da ke gaban duk mai riƙe da tsohon tabojet. Ƙarfen nikel da aka yi farfelar wuta da shi zai iya kai wa jikoki idan an kiyaye shi daga laima. Amma littafi bai rubuta komai ba. Bai rubuta yadda ƙarar lafiyayyen inji take a kunne ba, ko wane bawul ne ke son cijewa bayan dogon zama, ko yadda ake gane tashin da zai lalace tun allura ba ta nuna ba. Wannan yana kan tsofaffin makanikan soja da ma'aikatan masana'anta, waɗanda yawancinsu sun haura saba'in.

Shi ya sa ƙungiyoyi irin su Rolls-Royce Heritage Trust, wadda aka kafa a 1981, suke tara littattafai da zane-zane da injuna, tsofaffin ma'aikata kuma suna aikin sa kai a cikinsu. Shi ya sa kuma mai gyara a gareji, idan yana da wayo, kafin ya sayi sifana ta musamman yake neman dattijon da ya yi aiki a kan Viper, ya kai masa ziyara da littafin rubutu a hannu. Duk wanda ya tayar da injin shi kaɗai ya burge jama'a na minti biyar. Wanda ya tsayar da matashi kusa da shi a gaban allon sarrafawa, ya nuna masa allurar da zai kalla da lokacin da zai rufe mai, shi ne ya ƙara wa injin shekaru.

A babi na gaba za mu koma kan waɗanda ba su sami tsohon inji ba, suka ƙera nasu daga tabocaja ta babbar mota.